Ƙatada, Gatada ko Katada? Rigima kan sunan ɗan da bai iso ba tukuna

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Makka, a nan aka haife ni, iyayena 'yan asalin Kano ne. Maigidana Bakatsine ne, shekararsa 11 a nan, yana aiki a wani kantin dabino da turare. Cikina wata 8, na fari, kuma hoton asibiti ya nuna namiji ne. Tun kafin aurenmu yake cewa in Allah ya ba shi ɗa namiji Ƙatada zai raɗa masa, sunan wani sahabi da yake ƙauna tun yana Islamiyya. To Anti, tun yaro bai zo ba sunan ya hana mu sakat. Ummata Gatada take cewa, shi kuma ransa ya ɓaci, har ya taɓa yi mata gyara a gaban baƙi. Da ya gaya wa mahaifiyarsa ta waya cewa ta yi "Kata me?", bayan kwana biyu ta sake kira ta ce an gaya mata sunan ƙaya ne. Na dai san ta so a mayar da sunan mijinta Malam Abubakar da ya rasu bara. Wata maƙwabciyata kuma tambayata ta yi ko mace za mu haifa. Ni dai ban taɓa ganin yaro mai wannan suna ba, a nan ko a gida, ina tsoron a riƙa yi masa dariya ko ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa mutane. Ban ce wa maigidan komai ba, don ya ce raɗa suna haƙƙin uba ne. In yi magana ko in ja bakina?

Daga ƙanwarki a Makka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya sauke ki cikin sauƙi. Sau biyu na karanta wasiƙarki, a na biyun ne na lura cewa abin da ya fi komai nauyi a cikinta shi kika ba wa layi ɗaya tak, wato maganar marigayi surukinki. Zan zo kanta. Bari dai mu fara wanke sunan daga zargin da ake yi masa, don in hankalinki bai kwanta da shi ba, duk abin da zan faɗa daga baya iska zai bi.

Wanda ya gaya wa Hajiya cewa sunan ƙaya ne bai yi ƙarya ba, rabin magana ya kai mata. A Larabci ƙatad wani ɗan itace ne na jeji mai ƙaya kamar allura, guda ɗayansa shi ne ƙatada. Haka Larabawan dauri suke, sukan raɗa wa 'ya'yansu maza sunan itatuwan da ba sa jin fari kuma ba a taɓa su a kwana lafiya. Samura itace ne mai ƙaya. Hanzala ɗan wani tsiro ne mai ɗaci kamar maɗaci. Ɗalha ma itace ne mai ƙaya, dangin bagaruwa, kuma na tabbata in Hajiya ta ƙirga a unguwarsu a Katsina ba za ta rasa Ɗalhatu biyu ko uku ba, ba wanda ya taɓa cewa an sa musu sunan ƙaya. Ɗalhatun nan shi ne kuma amsar maƙwabciyarki. Hamza, Usama, Huzaifa, Mu'awiya, Ukasha, duk da irin harafin da Ƙatada ya ƙare suka ƙare, kuma duk maza ne. Kunnenta ne kawai bai saba ba.

Manzon Allah (SAW) ba ya barin mummunan suna in ya ji shi. Wata 'yar Sayyidina Umar da sunanta ke nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila, Barra ya mayar da ita Zainab, ya kuma nemi wani mutum mai suna Hazn ya koma Sahal. Ƙatada ɗan Nu'uman kuwa yana tare da shi shekara da shekaru bai canza masa ba. Mutumin Madina ne daga ƙabilar Aus, ɗan'uwan Abu Sa'idul Khudri ta wajen uwa, ya halarci Aƙaba da Badar. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, aka same shi a ido har idon ya zazzago kan kuncinsa, Manzon Allah ya mayar masa da shi da hannunsa mai albarka, ya zama shi ne ma ya fi ɗayan kyau. Ya rasu a shekara ta 23, Sayyidina Umar ya yi masa salla. Ina kyautata zaton wannan labarin ne ya shiga zuciyar maigidanki yana ƙaramin yaro a kan tabarmar Islamiyya, kuma abin da ya shiga zuciya a wannan shekarun ba ya fita da sauƙi. Ki riƙe wannan a ranki duk lokacin da kika ga kamar taurin kai yake yi.

Akwai kuma Ƙatada ɗan Di'ama, malamin Basra, makaho ne amma ya shahara da hadda, ya yi karatu wajen Anas ɗan Malik da Hasanul Basri, da wuya a yi tafsirin azumi a gama ba a ce "Ƙatada ya ce" ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, hadisin nan da muke dogara da shi a yanka rago ranar bakwai, a yi aski, a raɗa suna, ta hanyarsa aka ruwaito shi, daga Hasan, daga Samura. Kin ga masu sunan ƙaya biyu ke nan a silsilar hadisin ranar suna. Garin da kike zaune ɗin nan ma ya san sunan. Wajen shekarar 1201 miladiyya wani sharifi daga Yanbu mai suna Ƙatada ɗan Idris ya karɓi mulkin Makka, zuriyarsa suka riƙe sarautar sama da shekara 700, har zuwa 1925, kuma daga tsatsonsa gidan sarautar Jodan na yau ya fito. Don haka sunan tsoho ne mai asali, kwanciya kawai ya yi.

Yanzu ga inda ni da maigidanki za mu saɓa, ki kuma karanta masa wannan wurin in kin ga fuskarsa a sake. Harafin farko na sunan nan, wato ƙaf, kusan kowace ƙasa da yadda take faɗinsa. Mutanen Makka da Jidda da Riyad g suke mayar da shi a hirar yau da kullum, haka ma mutanen Sudan, shi ya sa Ƙasim yake Gasim a bakinsu. Mutumin Alƙahira haɗiye shi yake yi gaba ɗaya, kada ki yi mamaki in wani likita Bamisire ya leƙo ya ce ina uwar Atada. Ummanki a Makka bakinta ya ginu, abin da kunnenta ya sha shekaru shi harshenta ya bayar. Shi kansa maigidan, katin zaman da ke aljihunsa me yake ce masa? Na rantse igama yake cewa kamar kowa, alhali harafin ɗaya ne. Ko cikin Hausarmu ta gado harafin nan bai tsaya wuri ɗaya ba. Mun ce alƙalami da alƙali da ƙ, mun ce kabari da lokaci da Yakubu da k, mun ce gahawa da g, duka kuwa ƙaf ce a asalin Larabcinsu. Kai, ƙ ɗin tamu ma da yake taƙama da ita ba ita ce ƙaf ɗin masu tajwidi ba. Tasu daga can ƙarshen harshe take fita, kusa da belun da wanzami ke nema ranar suna, tamu kuwa ta fi matsowa gaba, ana fizgo ta da maƙogwaro a rufe. In dai ba da tajwidi zai riƙa kiran yaron cin tuwo ba, shi ma kusa ya kai, bai kai ciki ba.

Mu Hausawa ma ai ba mu da bakin yi wa wani gyaran suna. Mu ne muka mayar da Abdullahi Audu, Ibrahim Iro, Khadija Dije, A'isha Indo, Zakariyya Ya'u. Sunan marigayin nan da ake magana, Abubakar, ya zama Habu, ya zama Buba, ya zama Garba, ba wanda ya ce albarkar Siddiƙu ta zube a hanya. Saboda haka gyaran da ya yi wa Umma a gaban baƙi kuskure ne, kuma ba ƙarami ba. Surukarsa ce, ko ɓatan baki ta yi na gaske ba a gaban mutane ake nuna mata ba, balle ba ta yi ba. Ya kamata ya saya mata ɗan abin da take so, ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce Umma ki kira jikanki yadda bakinki ya ba ki. Ni in aka tambaye ni ma, Gatada ya yi daɗi a kunnen Bahaushe, da gata ya fara.

Wurin da nake so ku tsananta shi ne takarda, don baki yakan faɗi abu ya wuce, abin da aka buga a kwamfuta kuwa yana nan yana jiran yaro har ya yi gemu. Sunan zai bi ta hannu huɗu aƙalla: takardar sanarwar haihuwa ta asibiti, takardar haihuwa ta Ahwal Madaniyya (ofishin rajistar jama'a), fasfo a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, sannan Jawazat (ofishin shige da fice) wajen sa shi a igama. Na nan ƙasar da Larabci suke aiki, fasfo da boko, kuma fasfo ba ya ɗaukar ƙ mai lanƙwasa. In kuka bari aka rubuta KATADA, wanda zai mayar da shi Larabci daga baya kaf zai sa, sai a samu قتادة a wata takarda, كتادة a wata, ga ma'aikaci kuwa mutum biyu ke nan. Shawarata ku ɗauki Q, ku zaɓi QATADA ko QATADAH, ɗaya tak, ku mutu a kansa. Tun yanzu ku rubuta shi a ɗan kati da haruffan biyu, da sunan uba da na kaka daidai yadda suke a fasfon maigidan, duk tagar da aka je a miƙa katin maimakon a faɗa da baki, a kuma karanta abin da aka buga harafi bayan harafi kafin a bar wurin. Wani tarko kuma da mutanenmu ba sa lura da shi: in maigidan a makarantar allo ya koyi rubutu, ƙaf ɗin Warshu ɗigo ɗaya gare ta a sama, wanda a rubutun nan ƙasar fa ce. Ya rubuta da hannunsa yadda ya saba, ku tashi da Fatada. A sa ɗigo biyu. Kada kuma a yi sanya wajen yin rajistar, tana da wa'adi, jinkiri yana jawo tara.

Ba don tsoratarwa na dage a kan wannan ba. Ɗan yayata a nan aka haife shi, fasfonsa Ishaq, da aka kai shi gida makaranta wani malami ya rubuta Isyaku don haka ya ji ana kiransa. Ba wanda ya kula sai da ya zo neman shiga jami'a, takardar jarrabawa ta ce wani, lambar NIN ta ce wani. Watanni aka yi ana zirga-zirga tsakanin kotu da ofisoshi da takardar rantsuwa, ya rasa shekara guda cur yana zaune a gida.

Batun cewa ba kowa ke da sunan ba, gaskiya ne, kuma ba zan ce miki ba shi da wahala ba. Zai maimaita shi sau biyu a wurare da yawa, wasu za su ce "na'am?", yara kuma ba abin da suka bari, ko Muhammadu ne sai sun samo masa tsokana. Amma a makarantun nan ƙasar malamansa sun san sunan daga littattafan tafsiri da hadisi, tsokanar da ta fi ci wa 'ya'yanmu rai a nan ma kin san ba ta suna ba ce, ta Takaranci ce, wannan kuwa tarbiyyar gida da sanin asali ke maganinta. A gida Najeriya kuma yayi juyawa yake yi. Zamanin iyayenmu da wuya ka ji Mus'ab ko Ammar ko Huzaifa a lungun Kano, yau aji ɗaya sai ka samu uku. Har Sudais da Shuraim muna raɗa wa jarirai saboda ƙaunar limaman Harami, alhali a nan sunayen dangi ne, 'yan ƙasa har murmushi suke yi in sun ji. Wanda ya iya Shuraim ba zai kasa Ƙatada ba. Yaron da aka ba shi labarin mai sunansa tun yana ƙarami kuma, in aka yi masa dariya yana da abin faɗa.

To mu dawo kan Hajiya. "Kata me?" ɗin nan da ta ce, kada ki ɗauka harshe ne ya gaza. Mace ce da ta rasa abokin zamanta bara, ɗanta yana ƙasar da ba ta ganinsa sai ta waya, ta ji za a haifa masa namiji, ta kwana tana lissafin cewa Malam zai dawo gidan. Kunya ba za ta bar ta ta ce a yi wa mijina takwara ba, sai ta kama ƙaya ta riƙe. Ko da kun kawo mata malamai goma sun yi mata bayanin sahabi, in ba a taɓo wancan wurin ba, za ta ce to Allah ya raya, ta ajiye waya da abin a ranta. Abin da ban gani a wasiƙarki ba shi ne ko cikin 'yan'uwan maigidan akwai wanda ya riga ya mayar da sunan tun bayan rasuwar. In akwai, nauyin ya ragu ƙwarai, sai ya kira ta da kansa, ya roƙi albarkarta, ya ba ta labarin idon nan na Uhudu, ya kuma tuna mata cewa a tsarin nan ƙasar sunan yaro da na uba da na kaka ake jerawa, don haka Abubakar yana nan biye da jikan duk inda aka rubuta shi cikakke.

In kuwa ba a mayar ba, kuma wannan ne namiji na farko tun bayan rasuwar, ni ga inda zuciyata ta karkata, al'adarmu ma ta riga ta share hanyar. A raɗa masa Abubakar, a kira shi Ƙatada. Duba ki gani, ɗan fari ne, ga shi mai sunan surukinki, ta ko'ina aka bi ba za ki iya buɗe baki ki kira sunan yanka ba, dole sai an nemo alkunya. Wasu Abba za su ce, wasu Khalifa, wasu Sadiƙ. Me zai hana abin da za a riƙa kiransa da shi safe da yamma ya zama sunan da ubansa ya yi shekaru yana riƙo? Hajiya ta samu Malam ɗinta, maigida yana jin Ƙatada a tsakar gida kullum, takardu kuma sun samu sunan da ba ma'aikacin da zai yi tuntuɓe da shi. Sharaɗin kawai shi ne kada sunan gida ya silale ya shiga rajistar makaranta, abin da ya ci ɗan yayata ke nan. In kuna tunanin haɗa biyun a takarda ne, maigidan ya fara tambaya a Ahwal tun kafin haihuwa, don ga 'yan ƙasa ba sa rubuta suna mai haɗi, gara ku san matsayinku da wuri. Abin da ba na so shi ne a ce wa ɗayansu "na gaba naka ne". Ba wanda ya san na gaban namiji ne ko mace, ko ma akwai shi, kuma alkawarin da ba a hannunka yake ba rigimar gobe ce ka saya.

Duk da haka, in ya saurara ya auna ya ce shi dai Ƙatada ne na yanka, kada ki mayar da abin yaƙi. Malamai da yawa sun ce in an saɓa maganar uba ce ke gaba, kuma suna ne mai kyau. Sai dai hakan bai rufe miki baki ba. Matar Imrana ce ta ce "na raɗa mata suna Maryam" a cikin Ali Imrana, aya ta 36, kuma a Baƙara, aya ta 233, ko yaye sai da yardar juna da shawara aka ce a yi. In yaye na 'yan watanni yana buƙatar shawara, ina ga abin da za a kira mutum da shi har kabari? Na kuma lura da wani abu, ƙanwata. Kin gaya mini abin da Umma ta ce, da abin da Hajiya ta ce, da na maƙwabciya, amma ba ki ce ke kina son sunan ko ba kya so ba. Ki zauna ke kaɗai ki kira shi a fili sau uku, kamar yaro ya fita ƙofar gida kina nemansa, ki ji yadda ya zauna miki. Abin da kika ji shi za ki kai wa mijinki.

Ki zaɓi lokaci, ba yana shigowa daga kanti a gajiye ba, ba kuma bayan ya gama waya da gida ba. Bayan isha, ya ci ya ƙoshi. Ki fara da tambayarsa ya ba ki labarin sahabin, ki bar shi ya faɗa har ƙarshe ko da kin riga kin sani. Sannan ki ce masa akwai abin da ke damunki game da Hajiya, kina jin kamar kewar Baba ce ke magana a bakinta. Kada ki ce "mahaifiyarka ba ta so", kada kuma ki yarda ki zama 'yar aike tsakaninsu, ko ki kira ta a ɓoye ku ƙulla wata magana. Wannan tsakanin ɗa da uwa ne, in yana jin nauyin buɗe zancen ya sa yayansa ko wani kawunsa ya fara shiga. Ku gama wannan cikin makon nan ko na sama, tun ba a shiga ruɗanin naƙuda da 'yan barka ba, don sunan da aka yanke cikin gaggawa a daren bakwai da waya a kunne shi ne ake yin shekaru ana gori a kansa.

Katin nan kuma ki sa shi cikin jakar asibiti tun yau, tare da zannuwa da kayan jariri, don ranar ba za ki tuna ba, shi ma ba zai tuna ba. In an sauka lafiya ki aiko mini da wanda aka raɗa, da kuma yadda Hajiya ta ƙare da kiransa, don na san kakanni, ba mamaki ta watsar da duka biyun ta ce Maigidana.